Tsohuwar Fijo da ciwon "a tura": An bar jaki ana dukan taiki

A kudancin Jihar Katsina, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, an mai da turin mota kamar wani ɓangare na tuƙi. Direban tsohuwar Fijo ba ya ajiye motarsa da dare sai ya nemi gangare. Yaron mota kuwa, kafin ya iya ɗaure kaya, turi yake fara ƙwarewa a kai. Idan ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce a kowace tasha: "Ai ta tsufa."

Ni ban gamsu da wannan amsa ba. A ganina, mafi yawan tsofaffin motocin da ke ƙin tashi da asuba ba shekaru ne suka kayar da su ba. Ƙananan abubuwa ne huɗu ko biyar da aka san su, kuma kowanne yana da alamarsa. Abin da ke mai da ƙaramar matsala babba shi ne gyaran lalube: a canza wannan, in ba ta tashi ba a canza wancan, har aljihun mai mota ya ƙare, sannan a ɗora wa tsufa laifi.

Wani zai ce wannan magana ce ta gareji, me ya kawo ta shafin jarida? Abin da ya kawo ta shi ne abin da ke bayan motar. Waɗannan akori-kura da wagon su ne ke kwaso masara, dawa, waken suya da auduga daga ƙauyukan Bakori, Ƙafur, Ɗandume da Faskari zuwa kasuwa. Su ne ke fito da tumatirin Ɗanja, wanda ba ya jiran kowa. Idan mota ta ɓata awa uku kafin ta tashi, manomi ya isa kasuwa bayan manyan masu saye sun gama lodi, sai ya sayar yadda aka taya ko ya koma da kayansa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Kowa ya san halin da hanyoyin Sabuwa, Faskari, Sheme da 'Yankara suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Direbobi suna lissafin tafiyarsu ne don su koma gida kafin duhu. Motar da in ta mutu sai an samu ƙarti biyar sun tura ta, ba motar bin irin wannan hanya ba ce. Haka mai naƙuda da aka fito da ita tsakar dare daga ƙauye: ba ta da lokacin da za a je tashin maƙwabta su zo turi.

Yadda Fijo ta samu gindin zama

A Faransa aka fara ƙera Fijo 404 a 1960, ƙanwarta 504 kuma ta fito a 1968, har ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin laka da ƙura. A wannan shekarar ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo a gida.

A daidai wannan lokaci, tsakiyar shekarun 1970, aka ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya buɗe hanyoyin karkara, ya kawo taki da iri. Amfanin gona ya ƙaru, ana buƙatar abin ɗauka, ga Kaduna kusa. Haka Fijo ta shige ƙauyukanmu, kuma ba ta fita ba. Turawa sun daina ƙera 504 ta fasinja tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Ma'anar wannan ita ce motar ba baƙuwa ba ce. An yi shekara 50 ana buɗe bonet ɗinta a Funtuwa. Ba ta da kwamfuta, ba ta da wani sirri da ke ɓoye cikin akwati. Tsarin wutarta ma ya girme ta nesa ba kusa ba, domin wani injiniyan Amurka, Charles Kettering, ne ya tsara shi, kuma tun a Cadillac ta 1912 ake amfani da shi. Idan har yau muna lalube a kan abin da ya haura shekara 100, to a binciki masu laluben.

Abu huɗu injin ke nema

Injin fetur ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: ya juya da ƙarfi, wuta ta zo a kan lokaci, mai ya gauraya da iska daidai, sannan fistin ya matse su sosai. Duk motar da ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya gaza. Aikin bakanike shi ne ya gano wanne, kuma a jere ake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Kunne ne kayan aiki na farko. Ka murɗa makulli ka saurara. Idan ka ji "ƙas" kawai, ko injin yana juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya, babu ruwan kafireta, babu ruwan fulogi. Matsalar tana tsakanin batir, wayoyinsa da kik, wato sitata. Idan kuwa injin yana juyawa garau amma bai kama ba, sai a koma kan wuta da mai. Wannan rabe-raben kaɗai, da ana yin sa, da an rage rabin asarar da ake yi.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Kunna manyan fitilu, ka sa wani ya murɗa makulli. Idan fitilun suka dusashe kamar za su mutu, batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi datti, ko kik ɗin yana jan wuta fiye da ƙima. Idan suka tsaya da haskensu amma injin bai motsa ba, wutar ba ta isa kik ba ne, sai a duba makullin da wayarsa da ƙaramin makunnin da ke kan kik ɗin.

Mai mita kuwa aikinsa ya fi sauƙi. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 idan mota tana kashe. Idan ya sauka zuwa 12.2, kusan rabi ya rage. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. Idan injin yana aiki kuma, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ba a gani ba, altanato ba ya caji, ko fanbel ya saki, kuma ko sabon batir ka saya kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon.

Sau da yawa ma batirin lafiyarsa lau. Farin garin nan da ke taruwa a kawunansa, da kan batir da aka ɗaure da ƙusa ko aka dake da dutse, da wayar at da ta yi tsatsa a inda ta kama jikin injin, su ne ɓarayin wutar. Kik yana jan sama da amfiya 100 a lokaci guda. Irin wannan wuta ba ta wucewa ta sako-sakon haɗi. Ruwan zafi, burushin ƙarfe da sifana lamba 10 ko 13 sun tayar da motocin da aka riga aka yanke wa hukuncin sayen batir.

Abin da turi ke faɗa mana

A nan ne nake ganin an fi barin jaki ana dukan taiki. Idan mota ta ƙi tashi da makulli amma ana tura ta taku goma ta kama, ta riga ta faɗi ciwonta da bakinta. Mai yana zuwa, wuta tana nan, lokacin wutar ma bai kauce sosai ba. Abin da ya bambanta shi ne, a turi kik ba ya shan wutar batir, don haka kwayil yana samun rabonsa cikakke. Da makulli kuwa kik ya kwashe wutar, ya bar wa kwayil ragowar da ba ta isa ta haifar da tartsatsi mai ƙarfi ba.

Saboda haka motar da ke tashi da turi, a fara da batir, wayoyi da kik. Amma me ake yi? Sai a kwance kafireta a wanke, a canza fulogai, a murɗa distiributa, a lalata saitin da yake daidai. Mota ta shigo gareji da ciwo ɗaya, ta fita da uku.

Idan an tabbatar batir da kik lafiya suke, kuma har yanzu sai da gudun turi take kamawa, to a auna matsin injin. Ringi ya cinye ko bawul ba ya rufewa sosai. A nan kaɗai ne kalmar tsufa take da gurbi, kuma ko a nan, sau da yawa saita bawul yana wadatarwa kafin a kai ga sauke injin.

Kwantak, ɗan ƙaramin sarki

Batir bolt 12 yake bayarwa, fulogi kuwa yana buƙatar sama da 10,000 kafin wuta ta tsallaka bakinsa. Kwayil ne ke wannan ninki, amma ba ya yi sai an katse masa wuta farat ɗaya. Mai katsewar shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu a cikin distiributa da ke buɗewa suna rufewa. A injin mai silinda huɗu, idan yana juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Kwandansa tana gefensa tana shanye wutar da za ta ƙona bakinsa. Daga nan rota ta raba wutar zuwa fulogai bisa jerin 1-3-4-2.

Gwajinsa ba wuya. A zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, a riƙe ta da filaya mai roba, a kusanto da bakinta jikin injin kamar kaurin fensir, a murɗa makulli. Shuɗiyar wuta mai ƙara "tas-tas" lafiya ce. Ja ko rawaya mai rauni, ko babu gaba ɗaya, akwai magana. Sai dai a tabbata babu fetur a zube kusa.

Tazarar bakin kwantak a 504 milimita 0.40 ce, ta fulogi kuma 0.6. Ba ra'ayin oga ba ne, ma'aunin masu ƙera motar ne. A garejinmu da yawa da ido ake aunawa, ko da kwalin sigari. Filagej, ɗan ma'aunin da aka yi don wannan aiki, ba shi da tsada, amma sai ka zaga gareji biyar ba ka gan shi ba.

Ita tazarar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Akwai ɗan dunduniyar roba da ke gogar sandar distiributa. Ƙurar hanyoyinmu tana shiga ta zama kamar sanfefa, dunduniyar ta cinye, bakin kwantak ya riƙa matsewa, wuta ta yi rauni kuma ta riƙa zuwa a makare. Shi ya sa motar da ke tashi da bugu ɗaya a watan Oktoba take fara gardama a Janairu. Maganin shi ne a sake aunawa, a goge bakin, a ɗiga ɗan giris kamar ƙwayar gero a kan sandar. Aikin minti goma ne.

Direbobi ma suna da nasu laifin. Barin makulli a kunne injin yana kashe, don jin rediyo ko cajin waya, yana dafa kwayil ya ƙona kwantak. Haka nan nacewa a kan kik na tsawon minti guda. Daƙiƙa 10 ta isa, a huta, a sake. In an yi sau uku ba ta kama ba, a sauko a duba.

Fulogi kuwa shi ne ɗan rahoton injin. Ka kwance shi ka kalli bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe kamar bayan tukunya, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Jiƙe da fetur, mai yana zuwa amma wuta ba ta cinye shi ba. Jiƙe da baƙin mai, ringi ko bawul. Fari fat, mai ya yi kaɗan, injin yana ƙuna. Bakaniken da ya jefar da tsohon fulogi bai kalle shi ba, ya yaga takardar asibiti ne bai karanta ba.

Kowane yanayi da irin cutarsa

Mai lura zai ga ƙin tashi yana bin kalanda. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba yana rage ƙarfin batir, yana daskarar da baƙin mai, kuma fetur ba ya tashi ya zama tururi da sauƙi. Don wannan aka yi cok. Amma a motoci da yawa wayar cok ta tsinke tun tuni, an ɗaure ta da waya an manta. Maimakonsa sai a cire matatar iska a tsiyaya fetur cikin kafireta, ko yaro ya toshe bakinta da tafin hannu. Idan injin ya yi atishawa ta baya, wutar a fuskar yaron take sauka. Wayar cok ba ta kai kuɗin jinyar ƙuna ba.

Da damina raɓa da danshi ne. Murfin distiributa da ya tsage ko ya yi datti yana tara gumi a ciki, wuta ta bi jiƙaƙƙen wuri ta zurare. Tsofaffin wayoyin fulogi ma haka. Ka buɗe bonet da dare injin yana aiki, in ka ga 'yan walƙiya suna tsalle a jikin wayoyin, ka ga inda wutarka ke tafiya. Busasshen tsumma yana tayar da mota a irin wannan safiya, amma canza murfin da wayoyin ne magani.

Da bazara kuma sai labarin ya juye. Mota ta tashi lafiya da safe, ta zo daga Malumfashi, an tsaya sallar azahar a Bakori, ta ce ba ta san zancen ba. Zafi ne ya tafasa man da ke cikin tiyo da kafireta, ko kwayil da ya fara mutuwa yake yankewa in ya yi zafi. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi ke ɗorawa a kan kwayil ko famfon mai dabara ce mai kyau ta fita daga daji, kuma ita kanta gwaji ce: duk wanda aka sanyaya mota ta tashi, shi ne mai laifin. Kuskuren shi ne a mai da tsumman gyara na dindindin.

Idan kuma an yi ta taka totur har warin fetur ya cika wuri, mota ta sha mai ta ƙoshi. A mai da cok, a take totur har ƙasa a riƙe, kada a yi ta famfo, sannan a murɗa makulli. Iska za ta share silinda.

Abin da tsadar mai ta ƙara

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Wannan ya haifar da sababbin cututtuka a tsofaffin motoci.

Na farko, kowa yana son a "matse masa kafireta". Ana rage mai har ya gaza abin da injin ke buƙata. Injin fetur yana son kusan kashi 15 na iska a kan kashi ɗaya na mai, a nauyi, kuma in yana da sanyi ya fi son mai fiye da haka. Idan aka matse fiye da ƙima, ba zai tashi da safe ba, zai rasa ƙarfi a hawa, direba ya ƙara taka totur, bawul ya ƙone. An tsimi lita biyu an sayi aikin injin.

Na biyu, ba a cika tanki kuma. Ana zuba na tafiya ɗaya, don haka kullum famfo daga gindin tanki yake zuƙa, inda tsatsar shekaru da ruwa suka kwanta. Ga man galan na bakin hanya da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Ko na gidan mai ma ba a rantsuwa a kansa, domin a Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima. Daga nan sai a yanke tankin gaba ɗaya, a ajiye jarka a gaban mota kusa da ƙafar fasinja, a zura tiyo. Wannan ba gyara ba ne, ajiye gobara ce a cikin mota. A sauke tanki a wanke, a sa 'yar matatar mai ta roba a kan tiyo, a riƙa canza ta.

Gwajin mai shi ma kyauta ne. Injin yana kashe, a cire matatar iska, a leƙa cikin kafireta, a ja totur da hannu. Idan ka ga mai ya yi tsartuwa, mai ya iso. In babu, sai a bi tiyo a koma baya, daga matata zuwa famfo zuwa tanki.

Masu cewa a kai su bola

Na san masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, a sayar wa 'yan gwangwan a huta, ga Golf da Sharon sun cika tasha. Suna da hujja. Motar da shasinta ya ruɓe, ko birkinta sai an yi famfo uku, ba ta da hurumin ɗaukar rai, komai kyawun tashinta. Kuma gaskiya ne tsohon injin mai kafireta ya fi na zamani shan mai da hayaƙi.

To amma da wane kuɗi za a musanya? A yadda Naira take a yau, mai akori-kura a Ƙafur ba shi da hanyar sayen wata. Kuma motar zamani in ta mutu a ƙauye, sai an jawo ta gari an nemo mai na'ura. Fijo kuwa da sukudireba da filaya ake tayar da ita a gindin bishiya. Mutanen Kuba sun shekara fiye da 60 suna tafiyar da motocin Amurka na shekarun 1950, ba don sha'awa ba, don babu zaɓi, kuma sun yi hakan ne da sanin injin ciki da bai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san yadda ake adana ta.

Wasu kanikawa kuma suna cire kwantak su sa distiributa mai aiki da lantarki. Ban ga laifin haka ba, yana raba mutum da yawan saiti. Sai dai ba ya gyara mataccen batir ko dattin tanki, kuma ran da ya mutu ba a gyara shi a bakin hanya. Wanda ya canza, ya ajiye tsohuwar a cikin mota.

Laifin ba na bakanike kaɗai ba ne

Adalci shi ne a faɗi dalilin da ya sa lalube ya yi ƙarfi. Mu masu mota ba ma biyan kuɗin bincike. Idan bakanike ya ɓata awa guda ya gano sako-sakon waya ce, ya ɗaure, sai a ce "ai ba ka yi komai ba", a miƙa masa kuɗin ruwa. Idan kuwa ya ce a sayo kwayil da fulogai da kwandansa, a nan yake samun na cefane. Mun koya masa cewa gaskiya ba ta biya, sannan muna kuka da shi.

Ga kuma jabun kaya. Kwalin yana ɗauke da sunan kamfanin Turai, abin da ke ciki kuwa sati biyu ne. Sabuwar kwandansa ta jabu tana iya fin tsohuwar da aka cire muni, sai bakanike ya ɗauka ba nan matsalar take ba, ya ci gaba da canje-canje. Araha ba ta ado. Duk abin da aka cire daga motarka, karɓi abinka ka ajiye har sai sabon ya tabbatar da kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sanin suna ƙarewa. Dattawan da suka koyi aiki a zamanin da Fijo take motar gwamnati, waɗanda ke saita wuta da ɗan ƙwan fitila, su ji bawul da kunne, ƙarfinsu yana raguwa. Yaran gareji kuma hankalinsu yana kan na'urar da ake soka wa motar zamani, kuma ba laifinsu ba ne, can kasuwa ta nufa. Amma ita na'urar ma ba ta gyara mota. Wanda bai fahimci wuta, mai da matsi a kan 504 ba, zai yi irin wannan laluben ne a kan Corolla, da kayan da suka ninka tsada.

Abin yi kafin kaka

Rassan ƙungiyar kanikawa ta NATA a Funtuwa da Malumfashi su tsayar da kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, kowa ya san shi, kuma kada a yaye yaro sai ya iya aiki da mita da filagej. Shugabannin NURTW a tashoshi su sa duba batir, wayoyi da tiyon mai cikin sharuɗɗan lodi, su hana jarka a gaban mota. Kwalejin koyon sana'a ta gwamnati da ke Funtuwa ta riƙa gayyato tsofaffin kanikawa suna nuna wa ɗalibai aiki. Hukumar SON ta leƙa shagunan kayan gyara, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa namu na gida.

Matasanmu masu ɗora bidiyo a TikTok da Facebook kuma, ga aiki mai amfani. Ku je garejin dattijon unguwarku da waya, ku ɗauke shi yana saita kwantak yana bayani da Hausa. Minti uku ya isa, kuma direba a Ɗandume zai kalla ya amfana.

Kai kuma mai mota, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a Satumba, kafin masara ta fara fitowa, ka ware yini guda: a wanke kawunan batir, a ɗaure wayar at, a auna caji, a saita kwantak da fulogi da bawul, a gyara cok, a wanke tanki. Ka ajiye kwantak, kwandansa, rota da fulogi biyu a cikin mota. Sannan idan bakanike ya ce a sayo wani abu, ka tambaye shi cikin girmamawa: "Oga, me ka gwada ya nuna maka shi ne?" Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya nuna maka. Wanda ya fusata kuwa, ka nemi wani garejin.